Laifin da Ake Binnewa Tare da Matuƙi

Akwai wani tsohon hoton bidiyo da ke yawo a YouTube, gajere ne ƙwarai, an ɗauke shi ranar 14 ga Yuli 1955 a kan Hancock, ɗaya daga cikin jiragen ruwan Amurka masu dakon jiragen yaƙi. Wani jirgin jet samfurin Cutlass ne ke tahowa zai sauka, ya ɗaga hanci sama kamar raƙumin da ke ƙin akala. Ya yi ƙasa fiye da kima. Hafsan da ke tsaye a gindin doron jirgin ruwan yana ba shi alama ya hango abin da zai faru, ya bar wurinsa ya tsallaka doron a guje. Kafin ƙiftawar ido jirgin ya daki bakin doro, ya dare, wuta ta tashi, ragowarsa ta gangara gefen hagu ta faɗa teku. Matuƙin, Laftanar Kwamanda Jay Alkire, bai fito ba. Man da ya kama da wuta ya kwarara kan ma'aikatan da ke tsaye a lungun gefen doro. Wanda ya ruga ɗin shi ya tsira.

Na nuna wa ƙanena wannan bidiyo a waya wani dare muna zaune a ƙofar gida. Ya kalla sau biyu, ya miƙo mini wayar ya ce, "Yaya, wannan ai kwanansa ne ya ƙare." Ban musa masa ba, don wanda kwanansa ya ƙare ba makawa. Sai dai na tambaye shi: idan a shekara guda kwanan mutum ɗari biyar ya ƙare a aiki iri ɗaya, ta hanya kusan iri ɗaya, sannan bayan an sauya 'yan abubuwa kaɗan adadin ya zube ƙasa warwas, me za mu ce game da waɗanda suka ga ana mutuwar suka yi jinkirin sauyawa?

Adadin ba ƙirƙirarsa na yi ba. Robert Rubel, tsohon kyaftin ɗin sojan ruwan Amurka wanda shi ma ya tuƙa jiragen yaƙi daga kan teku, ya kawo shi a wani nazari da ya wallafa a 2010: a shekarar 1954 kaɗai, sojan ruwan Amurka da dakarunsu na kundumbala sun yi asarar jiragen sama 776 da mutum 535 a haɗurra. Lissafin ya haɗa kowane irin jirgi, ba jet kaɗai ba, amma zuwan jet ne ya hargitsa komai. Jirgi biyu ke nan da ɗoriya kowace rana ta Allah. Kuma ba a yaƙi a shekarar, don an tsagaita wuta a Koriya tun Yuli 1953. Ba abokin gaba ne ya harbo waɗannan jiragen ba.

Sai an fahimci yadda ake sauka a wancan zamani kafin a gane inda gizo ke saƙa. Doron irin su Hancock miƙaƙƙe ne, tsawonsa kamar mita 260, wato filin ƙwallo biyu da rabi. Amma ba duka ne na mai sauka ba. Can gaba jiragen da suka riga suka sauka ne a jere, cike da mai, wasu da makamai, ma'aikata na kai-komo a tsakaninsu. A baya an gitta igiyoyin ƙarfe a ƙasa, jirgi kuma yana da ƙugiya a wutsiya wadda za ta kama ɗaya daga ciki ta tsayar da shi. Tsakanin igiyoyin da jiragen da ke ajiye akwai shinge. Mai ba da alama yana tsaye a gefe da faifai biyu a hannu, yana gaya wa matuƙi ka yi sama, ka yi ƙasa, ka karkata. Idan ya ga komai ya daidaita sai ya ba da alamar a yanke wuta. Daga nan babu komawa. Ko ƙugiya ta kama, ko shinge ya tare, ko kuwa a afka wa na gaba.

Da jirgi mai farfela wannan tsari ya yi aiki har aka ci yaƙin duniya na biyu da shi. Jirgin farfela yana zuwa a hankali, kuma da ka ba shi wuta yake amsawa, iskar farfelar ma tana bi ta kan fukafukai ta ɗaga shi nan take. Injin jet na farko-farko ba haka yake ba. Ka tura totur har ƙarshe, shi kuwa sai ya yi ta nazari, daƙiƙa kusan goma ko fiye kafin ƙarfinsa ya kawo. Duk direban da ya taɓa shiga gaban tirela zai wuce wata mota, ya taka totur motar ta yi masa shiru, ya san tsawon daƙiƙa ɗaya. To a nan mutum yana tafe da gudun sama da kilomita 200 a sa'a, bangon ƙarfe na gabansa yana hawa da sauka bisa igiyar ruwa. Ga jet da shan mai kamar rairayi, musamman a ƙasa-ƙasa, don haka matuƙi kan dawo da ɗan abin da ba zai ishe shi zagaye da yawa ba. Ga shingen da aka ƙera don ya riƙe jirgi mai babban inji a gaba, alhali jet hancinsa siriri ne mai santsi, matuƙi na zaune dab da shi. Da aka koma ga fukafukai masu lanƙwasa baya don neman gudu, sai abin ya ƙara taɓarɓarewa, domin irin wannan fiffike ba ya son tafiyar hankali, kuma saukar teku tafiyar hankali ce.

An ga sakamakon tun da wuri. Ranar 16 ga Satumba 1951, a tekun Koriya, wani jet samfurin Banshee da ya samu rauni ya dawo kan jirgin dakon Essex, bai kama igiya ba, ya tsallake shinge ya faɗa cikin jiragen da ke gaba. Mutum bakwai suka mutu a gobarar. A cikin matasan matuƙan da ke kan Essex a wannan tafiya akwai wani ɗan shekara 21 mai suna Neil Armstrong, wanda makonni biyu kafin nan shi ma da lema ya diro bayan jirginsa ya lalace. Da ƙaddara ta bi ta kansa, da wani ne daban ya fara taka wata.

Yadda aka saba ba da wannan labari shi ne a ce farashin ci gaba ne, kuma mazajen da suka biya shi jarumai ne. Jarumtar ba ni da ja a kanta. Haka kuma masu cewa babu lokacin jira suna da hujjar da ba za a yi watsi da ita ba. A 1949 gwamnatin Amurka ta soke ginin katafaren jirgin dakon da sojan ruwa suka ɗora wa buri, United States, kwanaki kaɗan bayan fara aikinsa, aka karkata kuɗi ga manyan jiragen bama-bamai na sojan sama. Manyan hafsoshin ruwa suka ga idan ba su nuna cewa su ma za su iya tashi da jet daga teku ba, za a mayar da su 'yan rakiya. Shekara ta zagayo yaƙin Koriya ya ɓarke, jirgin MiG-15 na Tarayyar Sobiyet ya bayyana, ya fi duk abin da ke kan jiragen dakon Amurka gudu. Wanda ke cikin wannan hali ba zai ce a dakata shekara goma sai injiniyoyi sun gama koyo ba. Na yarda da wannan. Wani kaso na jinin da ya zuba, rashin sani ne na gaskiya ya zubar da shi, don ba wanda ya taɓa yin abin kafin su.

Inda na rabu da masu wannan magana shi ne sauran kason, kuma a ganina shi ne mafi yawa.

A dubi Cutlass ɗin da ya kashe Alkire. Jirgi ne mai ban sha'awa a ido, ba shi da wutsiya irin ta sauran jirage, kamar daga wata duniya ya zo. Kamfanin Westinghouse ya yi alkawarin inji mai ƙarfi, injin da ya kawo bai kai ko kusa ba, har matuƙa suka riƙa zolaya cewa na'urar gasa burodi ta kamfanin ta fi injinsa zafi. Ƙafar gaban jirgin doguwa ce har matuƙi kan zauna sama da mita huɗu daga ƙasa, kuma takan karye a saukar da ta yi ƙarfi. Ga hancin da ke rufe wa matuƙi gani daidai lokacin da ya fi bukatar ganin doro. Su kansu masu tuƙa shi sun raɗa masa sunaye, ɗaya yana nufin marar hanji, wato marar ƙarfi, ɗaya kuma mai share ƙananan hafsoshi. Ayarin wasan sama na sojan ruwan, Blue Angels, waɗanda ba su da na biyu a gwaninta, sun gwada shi suka ajiye. Wasu kyaftin-kyaftin na jiragen dako sun sauke ayarin Cutlass a tudu a tsakiyar tafiya don sun gaji da kwasar tarkace. Duk da haka an ƙera kusan 320, kuma sama da kashi ɗaya bisa huɗu haɗari ne ya cinye su. Wannan ba rashin sani ba ne. Kowa ya sani, tun daga mai share doro har mai sa hannu a takardar saye.

Na jirgin Demon ma ya fi ban takaici. An tsara jirgin bisa wani injin Westinghouse ɗin, J40, wanda bai taɓa ba da ƙarfin da aka yi alkawari ba. Sai da jirage shida suka faɗi, matuƙa huɗu suka mutu, sannan aka hana samfurin farko tashi. Wasu sababbi fil da ba su da amfani a sama, a kan kwale-kwalen dako aka ɗora su aka gangara da su kogin Misisifi zuwa makarantar kanikawa, don ɗalibai su koyi kwance da ɗaure. Majalisar dokokin Amurka ta yi bincike a 1955. An yi ta maganar miliyoyin dalolin da suka salwanta, don kuɗi suna da mai tambayar ba'asinsu.

Matuƙi kuwa, idan ya mutu, akwai kalma biyu da ke jiransa: kuskuren matuƙi. Kuma abin da ya sa kalmar take da daɗin amfani shi ne sau da yawa gaskiya ce. Alkire ya zo ƙasa-ƙasa, ba ƙarya. Wani ya makara wajen ba da wuta, wani ya manta wani maɓalli. Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Idan ka ba mutum jirgin da ba ya ganin gabansa, da injin da ke amsawa bayan daƙiƙa goma, ka ce ya sauka a kan abin da ke rawa, bayan ka rufe masa hanyar fasawa, to ka gina wurin da ƙaramin kuskure hukuncinsa kisa ne. Mutum kuwa ba ya rabuwa da ƙaramin kuskure. Rubuta laifin a kan mamaci yana rufe fayil ba tare da an taɓa kamfani, ko hafsan da ya sayo, ko tsarin horo ba. Mamacin ba zai ɗaukaka ƙara ba. Abokansa ma sukan karɓi hukuncin hannu biyu, saboda wani dalili da na fahimta sarai: idan laifinsa ne, ni da na fi shi iyawa ba zai same ni ba. Da wannan tunani ne kawai mutum zai iya hawa jirgin gobe da safe.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne arhar maganin. Turawan Ingila ne suka fara saukar da jet a kan jirgin dako, Eric Brown a kan Ocean ranar 3 ga Disamba 1945, kuma su ne suka fara zama suka yi wa matsalar kallon tsanaki. Sun yi ɓatan kai su ma. Har doron roba suka gwada, wai jirgi ya sauko ba tayoyi ya faɗa da ciki kamar a kan katifa, kuma an yi gwajin da gaske a kan jirgin ruwan Warrior. Ana cikin muhawarar wannan doron robar ne a 1951 Kyaftin Dennis Cambell ya kawo tunanin da ya sauya komai: me zai hana a karkatar da layin sauka zuwa hagu kaɗan, yadda gabansa zai zama teku, ba jiragen da ke ajiye ba? Gwajin farko da fenti aka yi shi, layi kawai aka ja a karkace. Amurkawa suka ɗauka suka gyara jirgin Antietam, suka fara gwaji a farkon 1953 da karkata ta kamar digiri 10. Daga nan hikimar sauka ta juye gaba ɗaya. Da, wuta ake yankewa a yi addu'a. Yanzu da tayoyi sun taɓa doro matuƙi zai ba da wuta har ƙarshe: ƙugiya ta kama, igiya ta riƙe shi, ba ta kama ba, ya tashi ya zagayo. Kuskuren da jiya yake kisa, yau abin tsokana ne a wurin cin abinci.

Na biyun madubi ne. Kwamanda Nicholas Goodhart ya lura cewa gudun jet ya fi ƙarfin mai faifai, kafin ya gani ya ba da alama matuƙi ya amsa, lokaci ya ƙure. Labarin da ake bayarwa shi ne da madubin kwalliyar sakatariyarsa da jambakinta da tocila ya fara gwada dabarar a ofis. Abin da ya fito daga ciki shi ne babban madubi a gefen doro da ke nuna wa matuƙi ɗigon haske tsakanin jerin korayen fitilu. Ɗigo ya yi sama, ka yi sama da yawa. Ya yi ƙasa, ƙara wuta. Na ukun majaujawa mai aiki da tururi ce, ta Kwamanda Colin Mitchell, wadda ke cilla jirgi mai nauyi sama. Tsohuwar majaujawar mai aiki da matsin mai ita ce ta yi bindiga a cikin jirgin Bennington ranar 26 ga Mayu 1954 ta kashe mutum 103.

Hancock ta riga ta samu majaujawar tururi a 1954. Karkataccen doro kuwa sai a 1956, shekara guda bayan Alkire.

To amma da ƙarfe da madubi ne kaɗai matsalar, da an huta tun kafin 1960. Ba a huta ba. Crusader, jirgin da ya shiga aiki a 1957 lokacin da duk waɗannan gyare-gyare sun samu, an ƙera 1,261, kuma 1,106 daga ciki sun shiga haɗari iri ɗaya ko wani. A nan ne maganar ta bar hannun injiniyoyi ta koma kan ɗabi'a. Sojan ruwa sun gaji al'adar kyaftin shi ne sarki a jirginsa, tun zamanin da jirgi kan yi watanni a teku ba mai ba shi umarni. Wannan al'ada ta bi su har sama. Kowane ayari da yadda yake tuƙa jirgi iri ɗaya, gwargwadon abin da kwamandansa ya ga dama. Matashi kan zo daga makaranta a miƙa masa littafin jirgin da bai taɓa hawa ba, wani ya tsaya a kan tsani ya nuna masa maɓallai, shi ke nan, a ce Allah ya kiyaye. Jirgin kujera ɗaya gare shi, ba malamin da zai zauna a baya. Tambaya kuma alamar tsoro ce, wanda ya ce yanayi bai yi ba a yi masa kallon rago.

Sai a ƙarshen shekarun 1950 aka kafa ayarori na musamman da aikinsu kawai su koya wa matuƙi ainihin jirgin da zai tuƙa kafin a tura shi teku. A 1959 aka daidaita tsarin gyaran jirage. A 1961 aka fito da NATOPS, littafin ƙa'ida guda ga kowane samfurin jirgi, wanda ya hau kan kowa, daga sabon hafsa har kwamanda. Matuƙan sojan ruwan Amurka har yau suna cewa da jini aka rubuta shi, don kusan kowane gargaɗi da ke ciki akwai wanda ya mutu kafin a rubuta. Suna faɗin haka da alfahari. Ni kuwa idan na ji, shekaru bakwai ɗin da ke tsakanin 1954 da 1961 nake ƙirgawa. Babu wata fasahar da ake jira kafin a rubuta littafi. Takarda da tawada suna nan tun 1949. Girman kai ne ya hana, kuma bai saki da wuri ba: a lissafin Rubel, sai a 1988 yawan haɗurran sojan ruwa ya sauko daidai da na sojan sama, kuma daga 1949 zuwa lokacin sun rasa jirage kusan 12,000 da mutum sama da 8,500.

Wani abu ɗaya da suka yi daidai tun da wuri, kuma ya cancanci yabo, shi ne takardar da matuƙi ko kanikawa kan cike ba tare da sa suna ba, ya faɗi wautar da ya tafka wadda ta kusa kashe shi, a buga kowa ya karanta. Wannan ita ce kishiyar "kuskuren matuƙi". Can ana jiran mutum ya mutu a ɗora masa laifi, nan ana roƙonsa ya faɗi laifin da ransa, a yafe masa, don a gano ramin da ya kusa faɗawa a cike shi.

Kada a ɗauka Ingilar da ta ƙirƙiro magungunan ta tsira. Jiragen dakonta ƙanana ne, jiragen da ta ɗora musu manya. Sea Vixen 145 aka ƙera, 55 suka salwanta a haɗurra. Mai kula da na'urar hangen nesa a cikinsa yana zaune ne a wani ɗan akurki mai duhu a cikin jikin jirgin, wanda su da kansu suke kira ramin gawayi. Scimitar kuwa 76 aka ƙera, 39 suka tafi.

Ɗaya daga cikin 39 ɗin ya faɗi ne ranar 25 ga Satumba 1958, a gaban 'yan jarida da aka gayyato su ga sabon jirgi yana sauka a kan Victorious, wadda aka gama sabuntawa da karkataccen doro da madubi da majaujawar tururi. Kwamanda John Russell, shugaban ayarin, shi ya zo da kansa. Saukarsa ba ta da aibi, ƙugiya ta kama. Igiyar ce ta tsinke. Jirgin ya ci gaba da gangarawa a hankali, gudun bai isa tashi ba kuma birki bai tsayar da shi ba, har ya zame ta bakin doro ya faɗa ruwa. Bai nutse nan take ba. Jirgi mai saukar ungulu ya iso a kan kari, mai ceto ya sauko ta igiya, Russell na kokawa da murfin gilashin daga ciki. Bai samu fita ba. Masu ɗaukar hoto na tsaye a doro, kyamarorinsu na aiki, har ruwa ya rufe gilashin.